Ranar da Gero Ya Yi Numfashi a Bayana

Ku tsai da kekunan ɗinkin nan, ku juyo ku dube ni. Abin da zan faɗa maku ba tatsuniya ba ce, ko da yake in na yi nisa za ku ce ita ce. Jiya na ji ɗayarku tana cewa wai ɗamarar jarirai ai ba ɗinki ba ne, ƙyalle ne kamu biyu, a bi shi da keke sau biyu, an gama. Jiya ban tanka ba. Yau zan tanka, sau ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Ni Hajara ce, amma tun da na yi jikoki kowa a Ƙofar Sauri Inna yake ce mani. Ban yi boko ba. Abin da na sani a duniya allura ce da zare, su ma ba a aji na same su ba, a gindin Gwaggo Delu na same su, ƙanwar mahaifina, can Ƙofar Marusa. Allah Ya jiƙanta. Ita ce ke ɗinka wa rabin unguwar kayan suna, kuma da hannu, ba ta taɓa taka keke ba har ta bar duniya. Kayan aikinta duka a cikin gwangwanin alewa ɗaya suke: allura uku, almakashi da ba a yanka komai da shi sai yadi, guntun alli, da dunƙulen kakin zuma da take jan zare a kai don kada ya harɗe. Shekara guda cur na yi ina zura mata zare a allura, ina kalmasa baki, kafin ta bar ni na taɓa almakashin nan.

Rigar farko da na ɗinka ni kaɗai, ta wani jinjiri ce, ɗan mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa. Farin yadi ne mai laushi. Kwana uku na yi a kanta, na jera ɗinki kamar haƙoran farar tunkiya, sannan na samo wani ɗan jan maɓalli na ɗora a gaba, daidai ƙirji, don ado. Na kai wa Gwaggo ina jiran yabo. Ta juya rigar ciki da waje, ta ja ɗinkin, bai motsa ba. Sai ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

"Wa za ya sa wagga riga?"

Na ce, "Jinjiri, Gwaggo."

"To ina za ya wuni?"

Ban gane tambayar ba. Ta yanke maɓallin, ta ɗebo gero ta ƙulle a tsumma har ya kai nauyin jinjiri, ta sa na sunkuya, ta ɗora maɓallin a tsakiyar bayana, ta ɗora geron a kai, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi, ta ja har na yi nishi. Ta ce in share gidan, in ɗebo ruwa, in yi daka. Kafin azahar ina hawaye. Da ta kwance, maɓallin ya yi rami a fatata.

Ta ce, "Wannan bayanki ne, fatar babba. Shi ƙirjinshi ne. Ba a ɗinka ma jinjiri kaya kamar a kwance za ya rayu. Gabanshi manne yake da bayan uwarshi daga safe har yamma. Duk abin da za ki sa mashi, ki tambayi inda za ya wuni."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na yi aure, na haifa, na aurar. Keke ya shigo gidaje, daga baya kayan kanti suka cika kasuwa, rigar jinjiri da hula da safa duk a leda ɗaya. Masu kawo mani ɗinkin hannu suka yi ta raguwa, sai tsofaffi irina da ba su yarda da ɗinkin da ba su ga hannun da ya yi shi ba. Na ci gadon gwangwanin Gwaggo, na ci gaba da buɗe shi, wata rana da aiki, wata rana don dai in goge alluran kada su yi tsatsa.

Ana nan, wata rana da hantsi aka yi sallama. Wata yarinya ce doguwa mai tabarau, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, riƙe da ɗan akwati shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana? An tashi lahiya? Ya gida, ya jikoki, ya ƙarfin jiki?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na ba ta tabarma da ruwa. Ta ce sunanta Bilkisu, injiniya ce, tana aiki da wasu masu bincike tare da likitocin yara. Ta ce ta zaga teloli huɗu, duk sun ɓata mata kaya, sai wani ya ce mata akwai wata tsohuwa a Ƙofar Sauri da har yanzu take ɗinki da hannu.

Na ce, "Tsohuwar dai ga ta. Mu ga abin da ya gagari keke."

Ta buɗe akwatin. Wasu zirara ne baƙaƙe a jere, kowane tsawon ɗan yatsa, faɗinsa bai kai farce ba, kaurinsa kuwa ɓawon albasa ya fi shi. Ta ɗauko ɗaya ta ja, ya miƙe kamar danƙo, ta saki, ya koma. Ta ce sunan baƙin abin girafin, kuma asalinsa ɗaya da baƙin cikin fensirin da yara ke rubutu da shi, sai dai an fere shi, an fere shi, har ya zama babu abin da ya kai shi siranta, sannan aka shimfiɗa shi a kan roba mai laushi. Ta ce wata 'yar wuta mitsitsiya, wadda ko ƙuda ba za ta ji ba, tana bi ta cikinsa. In aka ja zirin ya miƙe, hanyar wutar sai ta ƙuntata. In aka saki, ta buɗe. Akwai ɗan maɓalli da ke sauraron wannan, shi ke gaya wa waya. To in an ɗaura zirin a ƙirjin jinjiri, duk numfashin da ya ja, ƙirji ya taso, ziri ya miƙe, waya ta ƙirga. In numfashi na tafiya daidai, fuskar wayar kore ce. In ya fara gudu, irin gudun da yake yi in ciwo ya sauka a ƙirji, ko kuwa ya tsaya, sai ta yi ja, ta yi ta ƙara.

Na ce, "Ikon Allah. Baƙin fensir ne ya koyi aikin ungozoma?"

Ta yi dariya ta ce, "Ya koya, Inna, amma bai iya zama a jikin yaro ba sai an ɗinka mashi mazauni. Shi ne na zo."

Ɗamarar farko, kwana biyu ta ɗauke ni, kuma na ɓata ziri uku kafin ta yiwu. Ku saurara, don abin da kuke cewa layi biyu ne, ga yadda yake. Sai kin wanke yadin tukuna, ya sha ruwa ya janye iyakar janyewarsa, in ba haka ba wankin farko zai matse yaro. Sai kin yanka shi a miƙe, ta inda ba ya bayarwa, don duk motsin ƙirji ya taru ya tafi kan zirin. In kin yanka a karkace yadin zai shanye numfashin, zirin bai ji komai ba. Sai ki buɗe 'yar taga a tsakiya, inda zirin zai kwanta. Yana da kunne biyu farare, ɗaya a kowane ƙarshe, nan kaɗai allura ke da izinin shiga. Ta kuskure ta taɓa baƙin, ko da tsinin ne, ya mutu, kuma ba za ki gani da ido ba. Abin da ya ka da telolin nan ke nan: keke ba ya jin inda fari ya ƙare baƙi ya fara, yatsa ke ji.

Sannan ga zaren azurfa da ke ɗaukar saƙo daga zirin zuwa maɓallin. Shekara hamsin ina lasar bakin zare kafin in zura, ina cizge shi da haƙori in na gama. Wannan ba a lasarsa, ba a cizonsa, ba a jan sa a kaki. Layinsa biyu ne, kuma kada su taɓa juna ko a wurin ƙulli. Sai da Malama Bilkisu ta yi ta riƙe mani hannu tana cewa, "Inna, baki! Inna, baki!" kamar mai hana yaro cin ƙasa. Ɗinki duk ta waje yake, don fatar bakwaini ba ta ɗaukar gurza. Ba a guga. In an ɗaura, ɗan yatsanki ɗaya ya shige tsakanin ɗamara da fata, ba biyu ba, ba rabi ba. Ta yi sako-sako, ba ta ji. Ta matse, kin hana yaro abin da kike son ƙirgawa.

Tare da zirin, ta ba ni takarda mai zane don in san inda zan buɗe tagar. Na iya kallon hoto ko ban iya karatu ba. Jinjiri ne a kwance rigingine a kan ɗan gado mai shinge, shi kaɗai, hannuwa a buɗe, an ja baƙin layi a gabansa, ƙasa da nono kaɗan. Na dubi hoton nan, na sake dubawa. Wallahi kamar Gwaggo na tsaye a bayana, na ji tambayarta: ina za ya wuni? Na ɗago kai, na buɗe baki. Malama Bilkisu na ta bayani, tana cewa sun gwada a asibiti wata da watanni, a nan gaban ne ya fi jin numfashi, likitoci duk sun amince. Sai na ce a raina, mutanen da suka sa baƙin fensir ya ji numfashi, su ne ba su san goyo ba? Ni wa, da ko sunana ban iya rubutawa? Na rufe bakina. Maɓallin dai na roƙa a mayar da shi gefe, ƙarƙashin hammata, don kada ya danne ƙirji, ta ce ba laifi. Zirin kuwa ba ya da tudu, ba zai yi wa kowa rami a fata ba. Na buɗe taga a gaba, yadda takarda ta ce.

Aikin ya karɓu. Duk matar da ta haifi bakwaini ko ɗan da bai cika nauyi ba, in za a sallame ta daga asibiti sai a ba ta ɗamara da 'yar waya, a turo ta wurina in daidaita wa yaron. Na ga mutane iri-iri a kan tabarmar nan. Wata kaka ta shinshina ɗamarar ta ce, "Hajara, hwaɗa mani tsakani da Allah, wace aya ce a ciki?" Na ce babu aya, fensir ne. Ta ce to ita za ta ƙara da nata layar, kowa ya yi aikinshi. Wani magidanci ya tsaya daga zaure yana tambaya ko abin zai ja ɗansa da wuta. Da aka ce a'a, sai ya ce to ko akwai babba, wanda zai ɗaura wa maiɗakinsa, waya ta riƙa yi mashi ƙara in ranta ya fara ɓaci, ya san ta inda zai bi. Matar ta ce daga ciki, "Ai da wayar ba ta huta ba, Malam."

Kuma ɗamarar ta yi aiki, kada ku ce ban faɗa ba. Akwai wata yarinya, 'yar wata biyu, tana kwance a tabarma uwar na wanki, waya ta ɗauki ƙara. Uwar ta duba ba ta ga komai ba, amma ta kai ta asibiti, aka ce ciwon ƙirji ne yana farawa, da an ƙara wuni da labari ya sake. Yarinyar nan yanzu tana gudu a lungunmu. Daga ranar mata suka yarda da wayar. Da, uwa kan sa tafin hannu a ƙirjin ɗanta, ta kara kunne a hancinsa, ta ɗaga riga ta ga ko haƙarƙari na lotsawa. Yanzu sai a kalli waya. Kore? Alhamdu lillahi. Ni ma da na haifi takwas, haka na koma.

Sai shekarar marka ta zo. Daminar nan ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa, katangu suka jiƙe har suna zubewa, shanya ba ta bushewa, kowane gida ka shiga yara na tari.

Gida uku tsakanina da Sa'ade. Mai fura ce, kullum tun da safe turminta ke fara magana a unguwar. A hannuna ta girma, ni na ɗinka kayan sunanta. Ta yi ɓari biyu, sannan Allah Ya ba ta namiji, bakwaini, aka sa mashi Habibu. Da aka kawo mani shi in ɗaura mashi ɗamara, ƙirjinsa duka bai fi tafin hannuna ba. Na zaɓi yadin da ya fi laushi, na yi ɗinkin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Ya yi wata uku yana ƙara nauyi, har ɗamarar ta fara kama shi.

Ranar wata Talata da hantsi na shiga gidan da allurata don in sassauta mashi. Ana yayyafi. Sa'ade na ƙarƙashin rumfa tana daka, Habibu a bayanta, ta lulluɓe shi har ka da tawul saboda sanyi. Ta kifa ƙwarya a gefen turmi, ta ɗora wayar a kai inda za ta riƙa gani.

"Sannu da aiki, Sa'ade. Ya mai gidan nawa?"

"Lahiya lau, Inna. Mura ce ta ɗan kama shi tun jiya. Ɗazu na sauke shi in ba shi nono, ya ƙi kamawa, har wayar ta ɗan yi ƙara. Ina mai da shi baya ta koma kore. Na ce ashe goyo yake so, ɗan gata."

Na sunkuya na dubi wayar. Kore shar, ɗan layin da ke cikinta na hawa yana sauka a natse. Na dubi tudun tawul ɗin a bayanta. Taku ɗaya ne tsakanina da shi. Na ce, "To bar shi ya yi barcinshi, kada mu buɗe shi a sanyin nan. Na dawo gobe." Na mayar da allurata cikin gwangwani na fita.

Da azahar ta sauke shi don ta yi salla. Tana kwantar da shi wayar ta yi ja ta ɗauki ƙara, ba ta sake yin shiru ba. Leɓɓansa sun riga sun canza. Suka ruga asibiti. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa. Likitan ya ce wa mijin, numfashin yaron nan ya daɗe yana gudu, awoyi, ba yanzu ya fara ba.

Ranar sadakar uku Sa'ade ta miƙo mani ɗamarar a ninke, da wayar a kai. Ta ce, "Inna, ki mai da masu, a ba wani. Ko zare ɗaya bai zame ba. Kuma ni abin da ke sanyaya mani rai, bai sha wuya ba. Kore take tun safe har na sauke shi. Lokaci ne kawai ya yi."

Na karɓa na dawo gida. Magana biyu suka tsaya mani: ta likita da ta Sa'ade. Ya ce awoyi, ta ce kore. Kuma sau biyu wayar ta yi ƙara, duka biyun yaron ba ya bayanta.

Washegari da safe na ɗebo gero na ƙulle a tsumma, na daidaita shi da nauyin Habibu, don hannuna ya san nauyinsa. Na ɗaura wa geron ɗamarar, zirin a gaba, ɗan yatsa ɗaya tsakani. Na ajiye shi a tabarma na kunna wayar. Ta yi ja, ta yi ƙara, don gero ba ya numfashi. Sai na sunkuya na goya shi, na ɗaure da zane, na ja majanyi yadda kowace mace ke ja. Na ɗauki taɓarya na fara daka a turmin da babu komai. Ban kai ashirin ba ƙarar ta tsaya. Na duba. Kore.

Ban tsaya sa takalmin kirki ba. Na yafa mayafi a kan goyon na kama hanya da ƙafa zuwa inda Malama Bilkisu ke aiki, ina sauri don kada numfashina ya kwanta. A hanya mata na ce mani, "Inna, jikan wa aka samu? Barka!" Ina cewa, "Yauwa." Na same ta da abokan aikinta biyu. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na miƙa mata wayar.

"Duba mani yaron nan, Malama."

Ta duba ta yi murmushi. "Masha Allah. Numfashi daidai, Inna. Ɗan wa ne? Ban san an ba da sabuwa ba."

Na kwance majanyi, na kwance zane, na sauke shi a kan teburinta. Ƙullin ya saki, gero ya watsu a kan takardunta yana gangarawa ƙasa. Wayar ta yi ja.

Malama Bilkisu ta cire tabarau ta zauna. Ita mai ilmi ce, ba sai na yi dogon bayani ba. Ƙirjin yaro na manne da bayan uwa, zane ya haɗe su. Uwa ta ja numfashi, bayanta ya buɗe, zane ya ƙara matsewa, ziri ya miƙe. Numfashin babba ya fi ƙarfi, sai ya danne na ɗan. Macen da ke zaune, nata a hankali yake, da wayar ta yi shakka. Amma macen da ke daka ko tafiya da sauri, numfashinta daidai yake da na jinjiri mai lafiya.

Ta ce, "Ta wa ce wannan ɗamarar?"

Na ce, "Ta Habibu."

Ta rufe fuska da hannu. Can ta ce, "Inna, yaushe kika gane?"

"Yau da safe na gane. Amma tambayar, tun ina 'yar shekara goma sha uku aka koya mani ita. Ranar da kika ba ni takarda ta zo mani har baki."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Takardar."

Ta ce, "Ni ma fa an goya ni, Inna. Ƙannena huɗu a bayana suka girma. A asibiti muka gwada, a kan gado, ban taɓa kawo goyo a raina ba. Da kin tambaya, da na ji kunya na gyara."

Na ce, "Da na tambaya."

Ranar ba mu zauna ba. Gida-gida muka bi, duk inda aka ba da ɗamara, cikin ruwa, muna cewa a sauke yaro a duba shi da ido, kada a yarda da kore in yana baya. Daga nan aka dakatar da aikin. Wasu matan suka dawo da nasu, wata ta jefo tata ta kan katanga ba ta ko shigo ba. Kakar nan mai laya ta tare ni a hanya ta ce, "Hajara, ashe fensirin naki maƙaryaci ne." Na ce fensir bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa, ni ce na zaunar da shi inda zai ji na wani. Wata bakwai gwangwanina a rufe. Ko kayan suna ba a kawo mani ba, don ba mai son allurar da ta ɗinka wa Habibu.

Gidan Sa'ade shi na bari ƙarshe a ranar da muka bi gidaje, kuma na ce wa Malama Bilkisu ta tsaya a waje. Ba na so ta ji a bakin mata a wurin ɗiban ruwa. Na same ta zaune kusa da turmin, an kife shi. Na zauna na faɗa mata duka, da geron, da takardar, da taku ɗayan da ban yi ba ranar Talata. Ta saurara har na gama, idonta a kan ƙwaryar da take ɗora wayar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Sai ta ce:

"Ashe tun safe numfashina nike kallo, Inna."

Na ce, "Naki ne."

Ta ce, "Shi yana bayana."

Na tashi na fito.

Bayan wata bakwai Malama Bilkisu ta dawo da sabon akwati, ba ta zo da takarda ba. Ta ce, "Inna, nuna mani inda za ya zauna." Muka yi mako uku muna gwadawa, ita ma sai da ta goya gero ta yi daka har tabarau ya zame mata. Shi ya sa ɗamarar da kuke ɗinkawa yanzu take da taga biyu. Zirin farko ya koma bayan yaro, gefen haƙarƙari. Na biyun ba numfashi yake ƙirgawa ba, matsin zane yake ji. In ya ji an goya yaro, waya ba ta yin kore, sai ta yi ruwan ɗorawa, ma'ana ban sani ba, sauke shi ki duba. Ku kuna ganin taga ta biyu ƙarin wahala ce. Yanzu kun san wanda ya buɗe ta.

Bara Sa'ade ta sake haihuwa, mace, cikakkiya. Ita da kanta ta aiko mani da yadi na ɗinka rigar suna, maɗauri a baya. Ban yi mata tayin ɗamara ba, ba ta tambaya ba. Ina jin turminta da safe. Yakan yi kamar bugu talatin ya tsaya, ya daɗe shiru, sannan ya ci gaba. Na san abin da take yi a shirun nan: 'yar take saukewa ta duba.

To, ga ƙullin gero can a kan kujera, shi ne dai na ranar, na tsince shi ƙwaya-ƙwaya daga ƙarƙashin tebur. Ga majanyi, ga turmi a tsakar gida. Ke da kika ce layi biyu ne, ɗauko wadda kika gama jiya ki ɗaura mashi. Sunkuya in ɗora maki. Ki ja zanen da kyau, ki yi daka har ki yi haki, ni zan riƙe wayar. In geron nan ya yi numfashi, ki zauna ki kwance ɗinkinki tun daga farko.